Ƙanƙara ta ƙi narkewa, rafuka sun cika: wace hanya za mu bi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, raina a jagule yake. Mu uku ne, tun wata shida da suka wuce muka samu takardar izinin shiga tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya a Amurka, zagayen da ke tashi daga North Lake ya ƙare a South Lake, kusan kilomita 90, kwana shida, tsakiyar Yuni. Hutu mun ɗauka, tanti mun saya, ɗayanmu har ɗaga wata tafiyar ya yi saboda wannan, kuma ni na matsa aka tsayar da ranar. Yanzu ga labari cewa mashigar Muir, wato inda hanya ke ƙetare tsauni, na ƙarƙashin dusar ƙanƙara, rafin Evolution kuma ya kawo. Akwai ta inda za mu kauce ba tare da mun fasa ba?

Tsohon mahayi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba: cikinku wa ya taɓa tafiya a kan ƙanƙara? Mashigai uku ne a gabanka, Piute, Muir da Bishop, kowace tsayinta ya haura mita 3,400. Muir ce mai wahalar, don ƙanƙararta kan shimfiɗu kilomitoci ta kowane ɓangare, hanya ta ɓace gaba ɗaya. Da hantsi ya yi samanta zai yi laushi, kowane taku ka nutse har gwiwa, kilomita ɗaya da rabi a awa ma sai ka yi da gaske. Kwana shidanka ba zai isa ba. Amma ruwan ya fi ba ni tsoro. A Yulin 2017 mata biyu masu doguwar tafiya sun rasu wajen ƙetare rafuka a waɗannan tsaunuka. Ka sauka ƙasa, ka nemi hanyar da ba ta kai tsayin da ƙanƙarar ta tsaya ba.

Mai taswira: Kafin a yanke hukunci a duba tukuna. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, kusan duk kwana biyar ake samun sabo. Ɗora hanyarka a kai, ka ga a wane tsayi farin ya fara. Gangaren da ke kallon arewa ya fi riƙe ƙanƙara, kada ka auna shi da na kudu. Sannan ka kira masu gadin dajin ka tambayi gadoji. A 2023 nauyin ƙanƙara ya lanƙwasa gadar kogin San Joaquin da ke kan wannan hanyar, mutane suka koma zagaye mai nisa.

Mai tambaya: Na gode. Amma Malam, ba sabbin shiga ba ne mu, muna yin kilomita 25 a yini. Kuma mun sayi ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmi.

Tsohon mahayi: Ƙusoshin nan na ƙanƙara mai tauri ne da asuba. Ba sa tsayar da wanda ya riga ya zame, wannan aikin gatarin ƙanƙara ne, shi ma sai a hannun wanda ya koya. A ruwa kuwa ba su da wani amfani.

'Yar rafi: Evolution yana da maƙetara ta biyu, can sama cikin wata fadama, inda ruwan ya baje ya rage gudu. Ta kan hanya ita ce mai haɗari, don ƙasa da ita kaɗan ruwan ke faɗawa gangare. In za ku shiga, ku shiga da sassafe, tunda narkewar yini da yamma take isowa. A kwance ɗamarar jaka ta ƙugu da ta ƙirji, a bar takalmi a ƙafa, a fuskanci inda ruwan ke zuwa, sanduna biyu a gaba, ana jan ƙafa gefe-gefe. Kada kowa ya ɗaura igiya a jiki, ita ke danne mutum a ƙarƙashin ruwa. A duba ƙasa: in akwai iccen da ya faɗa cikin ruwan, a canza wuri. Ruwa mai gudu ya wuce gwiwar mafi gajartarku, ku juya.

Ɗan kwari: Abin da ke ɓata mini rai shi ne tsarin izinin nan. A sa mutum ya zaɓi rana tun hunturu, alhali ba wanda ya san yadda ƙanƙarar za ta kasance! Takardar kuma a ɗaure take da ranar shiga da ƙofar shiga, ka canza ƙofa sai sabuwa. Ni dai na ce ku tafi kwarin Hetch Hetchy a gandun dajin Yosemite, tsayinsa wajen mita 1,200 ne, ku kwana a zangon Rancheria.

Tsohon mahayi: A'a. Hanyar nan ta kan gadojin da ke gindin mafaɗar ruwan Wapama take bi, lokacin narkewa ruwa na hawa kansu, an rasa rayuka a wurin. Sauka ƙasa kaɗai ba ya raba ka da ruwan, duk abin da ya narke a sama nan yake biyowa. Hanyar da ke bin doron tudu ake nema, ko wadda ta rabu da tsaunukan kwata-kwata. Lost Coast, bakin teku a arewacin jihar, kilomita 40, kwana uku. Sai dai a riƙe jadawalin cikar teku, akwai wuraren da ba sa biyuwa sai ruwa ya janye, kuma ita ma da izininta.

Mai taswira: Ko ku riƙe takardarku, ku haura Piute, ku kafa tanti a Humphreys Basin da ke bayanta, ku dawo ta inda kuka shiga. Ba Muir, ba Evolution.

Mai tambaya: Bakin teku ba shi muka yi wa shiri ba gaskiya. Saura kwana 12, kuma an ce zafi na tafe. Ba zai narkar da ita ba?

'Yar rafi: Zai narkar, Yaya, rafukan kuma su ƙara cika. Har yanzu ba ka gaya mana tsayin mafi gajarta a cikinku ba.

Mai tambaya: Bari in ga hoton tauraron na mako mai zuwa tukuna. Akwai wanda ya san ko ta South Lake aka fara ya fi sauƙi?