Shin zanga-zanga ce ta kashe TTIP?

Malam Haruna: Ina nan kan bakana. Jama'ar da suka cika tituna ne suka binne TTIP, yarjejeniyar ciniki maras shinge da Tarayyar Turai da Amurka suka fara tattaunawa a kanta a Yulin 2013. Ranar 10 ga Oktoban 2015, 'yan sanda da kansu sun ƙiyasta mutum 150,000 a Berlin, masu shirya gangamin suka ce 250,000. Shekara ba ta zagayo ba, Sigmar Gabriel, ministan tattalin arzikin Jamus, ya fito ya ce tattaunawar ta riga ta rushe.

Hajiya Rabi: Malam, ka ba titi ladan da ba nasa ba. Zama 15 aka yi har Oktoban 2016, kuma a kan teburi maganar ta cije. Ƙasashen Turai na son kamfanoninsu su riƙa neman kwangilar gwamnati a Amurka, dokokin fifita kayan gida suka tare hanya, ga kuma kwangilolin jihohi da gwamnatin tarayya ba ta da cikakken iko da su. Amurka ita ma ta ƙi yarda a keɓe sunayen cuku irin su Parmesan da feta ga yankunan da suka samo asali. Sannan Trump ya ci zaɓe a Nuwamba, aka ajiye zancen.

Barista Nura: Hajiya, akwai wurin da matsin jama'a ya canza rubutun kansa. Ina nufin babin da ke ba kamfanin waje damar kai gwamnati ƙara gaban masu sasanci uku, ba tare da ya bi kotun ƙasar ba. Jamusawa sun san zafin wannan, domin a lokacin Vattenfall, kamfanin makamashi na Suwidin, na neman biliyoyin Yuro a hannun ƙasarsu saboda rufe tashoshin nukiliya. A farkon 2014 Hukumar Tarayyar ta dakatar da tattauna babin, ta nemi ra'ayin jama'a, amsa kusan 150,000 ta shigo, mafi yawa na ƙin amincewa. A Satumban 2015 ta kawo tsarin kotu mai alƙalai na dindindin da damar ɗaukaka ƙara. Amurka ba ta karɓi wannan ba. Ke nan ɗaya daga cikin wuraren da kika ce an cije, titi ne ya haifar da shi.

Hajiya Rabi: Na yarda da wannan, Barista. To CETA fa, yarjejeniyar ciniki irin wannan tsakanin Tarayyar Turai da Kanada? Masu zanga-zangar 17 ga Satumban 2016 a birane bakwai na Jamus duka biyun suka ƙi. An sa wa CETA hannu ranar 30 ga Oktoba, aka fara aiki da ita na wucin gadi a Satumban 2017.

Barista Nura: Amma ki duba yadda ta sha da ƙyar. Da aka amince cewa yarjejeniyar ta shafi ikon ƙasashe ɗaiɗai, sai ta buƙaci yardar kowace ƙasa, Beljiyam kuwa ba ta iya sa hannu sai yankunanta sun yarda. Yankin Waloniya, ƙarƙashin shugaban gwamnatinsa Paul Magnette, ya ƙi, har aka ɗage bikin sa hannun. Kuma babin kotun masu zuba jari ba ya cikin abin da aka fara aiki da shi.

Malam Haruna: Abin da ke ci mini rai shi ne sirri. Sai Oktoban 2014 aka bayyana umarnin da aka ba masu tattaunawa. Mutane sama da miliyan 3 suka sa hannu a koken neman dakatar da TTIP da CETA, alhali hukumar ta ƙi yi masa rajista tun farko, sai a Mayun 2017 kotun Tarayyar ta ce ƙin ya saɓa doka. Wanda aka rufe wa ƙofa haka, ina zai je in ba titi ba?

Hajiya Rabi: Ban musa haƙƙinsu ba, Malam, tasirin nake aunawa. A Maris 2018 Shugaba Buhari ya fasa zuwa Kigali sa hannu kan AfCFTA, yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, saboda ƙorafin ƙungiyar ƙwadago, NLC, da ƙungiyar masu masana'antu, MAN, ba don an cika titi ba. Masu ƙorafin na da hanyar isa ga mai alƙalami. Jinkiri suka samu, domin a Yulin 2019 ya sa hannu a Yamai.