Wasiƙun sojojin yaƙin basasa: wa ya rubuta, wa ya karanta?

Jikan Samanja:
Assalamu alaikum. Iyayenmu da suka ga yaƙin basasar Najeriya, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, kullum raguwa suke yi. Duk wanda ya aika wasiƙa daga bakin daga, ko ya karɓa, ko ya karanta wa wani, don Allah ya ba mu abin da idonsa ya gani. Ban da "an ce".

Tsohon Kofur (jikana ke buga mini):
Wa alaikumus salam, yaro. Ni a Runduna ta Ɗaya na yi, ta Kanar Muhammadu Shuwa, wadda ta bi ta Nsukka ta kama Inugu a Oktoban 1967. Bayan nan aka kai mu, muna kurata, horonmu a Zariya bai taka kara ya karya ba, don mutane ake nema ido rufe. Sojan da bai wuce dubu goma ba kafin yaƙi, sai da ya haura dubu ɗari biyu.

Ku kuna zaton kullum harbi ake yi. Ina! Yawancin kwanakin jira ne. A tona rami, a goge bindiga, a yi gadi, a kashe ƙwarƙwata. Ruwan can ba irin namu ba ne, sai ya kwana ya wuni bai ɗauke ba, ƙafa ta yi fari ta saɓule a cikin takalmi. Wasiƙa kuwa da ajami nake rubuta tawa, akawunmu ya sa adireshi da boko a bayan ambulan. An hana mu faɗin inda muke. To me ya rage? Gaisuwa mai yawa, ina nan lafiya lau, a biya wane bashinsa, kada a sayar da gona. Ranar da muka binne abokin raminmu ma "lafiya lau" na rubuta. Tsohuwata za ka tayar wa hankali a kan abin da ba ta da maganinsa?

Malami Mai Ritaya:
Baba Kofur, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaya ɓangaren na gani. Ina aji shida lokacin, matan bariki ni suke kira in karanta musu. Abin da na gane da na girma shi ne, yawancin wasiƙun nan ba sirri a cikinsu ko kaɗan. Soja ya faɗa wa wani ya rubuta, matarsa kuma ta ji daga bakin yaron maƙwabta, kishiya da uwar miji na zaune. Ta ina kalmar so za ta bi? Sai dai "a gai da mai ɗakina, ta kula da yara". Amma wallahi suna jin abin da ke ƙarƙashi. Wata sai ta ce, "Sunan wa ya fara ambata?" Har faɗa na ga an yi a kan wannan.

Mai wuyar ita ce wasiƙar da ta makara a hanya. Na karanta wa wata tana cikin takaba, mijin yana cewa yana lafiya, zai zo hutu bayan damina.

Matar Soja:
Malam, gara ita, ta san matsayinta. Maigidana yana Runduna ta Biyu, ta Murtala, cikin waɗanda aka sa su haye kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha a Oktoban 1967. Ba wasiƙa, ba gawa, ba wanda ya ce ya ga faɗuwarsa. Ni ba mai aure ba, ni ba mai takaba ba. Duk sojan da ya dawo da rauni sai na aika ƙanena ya tambaye shi. Sai da aka gama yaƙi, aka gama dawowa, sannan malamai suka zauna da iyayena.

Jikan Samanja:
Allah ya jiƙansa, Inna, ya ba ki ladan haƙuri.

Tsohon Saje:
Amin. Amma Kofur, kada yara su ɗauka dukanmu shiru muka yi. Ni ina Runduna ta Uku, ta Adekunle, kafin Obasanjo ya karɓe ta a 1969, muka yi Kalaba da Fatakwal. Da muka fara shiga ƙauyuka muna tarar da yara ciki ya kumbura, gashi ya yi ja don yunwa, na rubuta wa mahaifina komai. Na tambaye shi ko Allah zai kama mu da wannan. Amsarsa layi biyu ce: in ba su abin da ke cikin gwangwanina, kuma kada in ɗaga bindiga ga wanda bai ɗaga mini ba.

Tsohon Kofur:
Saje, uba ka rubuta wa. Da uwa ce, da kai ma "lafiya lau" za ka sa.