Neman kalma kafin Alhamis: yaya za mu ce "relation personnelle avec Dieu" da Hausa?

Mai fassara, Yamai:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana. Ina cikin matsi. Ranar Alhamis da safe za mu ɗauki shirinmu na minti 15 a wani gidan rediyo mai zaman kansa nan Yamai, darasin da aka ba ni kuma da Faransanci yake. Kansa shi ne "L'obéissance et la relation personnelle avec Dieu". Kalmar farko ba ta ba ni wahala ba, biyayya na sa. Sauran ne ya hana ni barci. Na rubuta "dangantaka ta kai da Allah", na karanta wa mahaifiyata, ta ce ba ta gane kan wa ake nufi ba. Ku tuna yawancin masu sauraronmu ba Kirista ba ne, wasu direbobin taksi ne, wasu mata ne a bakin murhu. Ina son abin da za a ji sau ɗaya a gane.

Malamin lakwal, Yamai:
Kusanci da Allah. Dangantaka daga dangi ta fito, kunnen Bahaushe jini yake ji a cikinta. Hulɗa kuma ta kasuwa ce da ta ofis, ita ake faɗa tsakanin ƙasa da ƙasa a labaru.

Ɗalibi a Kano:
Zumunci da Allah fa, Malama? A ƙarshen sujada kullum muna cewa zumuntar Ruhu Mai Tsarki, kunne ya riga ya saba.

Inna ta Zumuntar Mata, Tawa:
Ɗana, zumunta ta taro ce. In na ce zumunta, zanen bai ɗaya da ganga da waƙar ranar mata mutane za su gani. Abin da ɗiyar nan take nema shi ne wanda ya rage bayan an watse kowa ya koma ɗakinsa.

Ɗalibi a Kano:
To sabo da Allah, Inna? Ko shaƙuwa?

Baba Fasto, Tawa:
Ɗana, kada a kusanci wannan a rediyo. Tsakanin sabo da saɓo lanƙwasa ɗaya ce a takarda, a iska kuwa babu takarda. Rediyo ya ɗan yi ƙara, wani ya ji Kirista suna koyar da saɓon Allah, ka san abin da zai biyo baya. Shaƙuwa kalma ce mai daɗi, amma ta uwa da ɗanta ce ko ta masoya, kuma yara za su tuna da wadda ake shan ruwa a kanta.

Ɗan Adar:
Ku yi mini haƙuri, duk kuna zagaye ne. Alaƙa Larabci, mu'amala Larabci, kusanci kuwa nisan hanya shika aunawa, kamar ka ce Ilela ta fi Konni kusa da Tawa. Na daɗe ina hwaɗin kalmar da ta dace: JUNANTAKA. Daga juna. Kamar yadda munka samu abokantaka daga aboki, maƙwabtaka daga maƙwabci. Kai ka san Allah, Allah ya san ka, kun san juna. Hausa ce tsantsa, babu aro ko ɗaya cikinta. Malama, sa ta, bayan shiri ukku kowa ya riƙe.

Malamin lakwal, Yamai:
Ginin kalmar daidai ne, ɗan'uwa, ban musa ba. Matsalar tana cikin juna ɗin. Juna tana ajiye mutum biyu a tabarma ɗaya: sun gaisa da juna, sun yafe wa juna. Za ka ce kai da Allah kun yafe wa juna? Kan darasin kuma biyayya ne. Biyayya hanya ɗaya take bi.

Ɗan Adar:
Ashe ba a kira Ibrahim abokin Allah ba? Yaƙub 2:23. Fitowa 33:11 ma ta ce Ubangiji shina magana da Musa kamar yadda mutum ka yi da abokinai. In Littafi bai ji tsoron abota ba, mi za ya sa mu ji tsoron juna? Gaskiyar magana, duk kalmar da ba ta hito daga Kano ba sai ku ce ba ta zauna ba.

Ɗalibi a Kano:
Yaya, ni ɗan Madawa ne, karatu ya kai ni. Amma mu faɗi gaskiya, littattafan da muke riƙe da su a majami'a daga can suka zo. Littafi Mai Tsarki cikakke na Hausa ya fito a 1932, aka sake fassara shi wajen 1979, duk a kan daidaitacciyar Hausa. In kowane gari ya ƙera tasa kalmar, ɗan Tawa zai je sujada a Jos ya kasa gane wa'azi.

Ɗan Adar:
To sai mu zauna muna jiran a tauna a ba mu? 'Yan mishan na SIM sun zauna Damagaram tun 1924, sunka zo Tsibiri, asibitin Galmi an buɗe shi 1950. Shekara ɗari ke nan ana wa'azi da Hausa ƙasar ga. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Har yanzu ba mu kai mu raɗa wa kalma guda suna ba?

Ɗalibi a Kano:
Ba wanda ya ce ba ku kai ba. Ka nuna mini junantaka a ƙamus na Bargery na 1934, in yi shiru.

Ɗan Adar:
Rediyon da za a yi shirin cikinai fa, da kwamfutar da kake rubutu da ita, duk Bargery ya ba ka izini? Kalma sai an haife ta kahin a rubuta ta.

Malamin lakwal, Yamai:
Ku biyun kun bar hanya. Kuma in za a kori Larabci, sai mu fara da Allah, da addu'a, da littafi, da Almasihu, da Lahadi. Abin da zai rage ba zai isa a buɗe sujada ba.

Mai fassara, Yamai:
Don Allah yayyena, yau Talata.

Inna ta Zumuntar Mata, Tawa:
Ku bar ni in faɗi abin da ya dame ni tun ɗazu. Kuna ta faɗa a kan rabin farko, kun manta da "personnelle". Na taɓa jin wani yana cewa wannan tunanin Turawa ne, mu nan komai namu na gayya ne. Ban yarda ba. Ni kaɗai na bi Yesu a gidanmu, ina budurwa. Babu majami'a a garinmu, babu zumunta, babu wanda zan tambaya. Abin da nake da shi Sabon Alkawari ne ɗan ƙarami da nake ɓoyewa cikin kwalla, sai addu'a a hanyar rijiya. In da bangaskiya ta gayya ce kawai, da ban kai damina ta biyu ba. Kada ki jefar da kalmar nan don ta yi wuyar fassara, ɗiyata. Akwai yarinya irina da za ta ji shirin nan da rediyo a ƙarƙashin matashi, don ita ake yin sa.

Malamin lakwal, Yamai:
Gaskiya ne, Inna. Akwai "tsakaninka da Allah", ita ce ta fi kusa. Sai dai mun riga mun ba ta wani aiki, in an ce tsakani da Allah gaskiya ake nema a bakin mutum. "Na ƙashin kai" kuma mota da ra'ayi ake faɗa wa, ba ta da ɗumi ko kaɗan.

Baba Fasto, Tawa:
Ɗiyata, na bar su sun gama ne tukuna. Buɗe 1 Sama'ila sura 15, ki karanta a hankali. An aiki Saul ya hallaka Amalekawa da dukan abin da suke da shi. Ya tafi, ya ci yaƙi, amma ya bar sarki Agag da rai, ya ware tumaki da shanu masu kyau. Da Sama'ila ya iso, Saul ya tarye shi da fara'a yana cewa ya cika umarni. Sama'ila ya tambaye shi kukan tumakin da yake ji na mene ne. Kowa ya san aya ta 22, inda aka ce biyayya ta fi hadaya, da ita muke wa'azi shekara da shekaru. Abin da ban lura da shi ba sai da furfura ta kama ni shi ne bakin Saul kansa. Sau uku a surar nan, a aya ta 15 da ta 21 da ta 30, in zai ambaci Ubangiji a gaban Sama'ila sai ya ce Allahnka. Sarkin Isra'ila, wanda aka zuba wa mai a ka, bai iya cewa Allahna ba. Allahn ya zama na annabi, shi kuwa ma'aikaci ne da yake kawo rahoto. Mutumin da yake haka zai yi biyayya daidai inda ido yake ganinsa, sauran ya lissafa ribarsa.

Yanzu juya zuwa Yohanna 20:28. Toma ya yi mako guda yana gardama, da ya ga tabon ƙusoshi bai yi dogon jawabi ba, Ubangijina da Allahna kawai ya ce. Dawuda ma a Zabura 23 makiyayina ya ce. Abin da Bafaranshe yake buƙatar kalma mai gaɓa uku ya faɗa, mu da "na" muke gama shi. Kina neman suna ne a wurin da Hausa ta riga ta ajiye ɗafa-ƙeya. Duk inda takardarki ta ce "personnelle", ki tambayi mai sauraro: Allahn iyayenka ne, Allahn fastonka ne, ko ka iya buɗe baki ka ce Allahna?

Biyayyar ma ina so ki sake dubawa, ko da kin ce ba ta ba ki wahala ba. Kalma ce mai kyau, daga bi ta fito. Amma talaka yana yi wa hukuma biyayya ba tare da ya taɓa ganin fuskarta ba. A Ibraniyanci kalmar da aka fassara biyayya a ayar nan ita ce ji, jin murya. Ta Helenanci a Sabon Alkawari ma a kan ji aka gina ta. A gida kuwa me muke ce wa ɗa nagari? Yaro mai jin magana. Ba ka jin maganar wanda ba ka san muryarsa ba. Yohanna 10:27 ta haɗa su wuri guda: tumaki suna jin murya, makiyayi ya san su, su kuma suna bin sa. Duk wanda ya ga garke yana tashi daga mashaya a Abalak da kira ɗaya ya riga ya fahimci darasinki.

Malamin lakwal, Yamai:
Baba, ko "obéir" ɗin Faransanci daga Latin ta zo, tushenta kuma saurare ne. Ban taɓa haɗa ta da jin magana ba sai yau. Abu ɗaya dai, "Allahna" ba za ta zauna a kowace jimla ba. In takarda ta ce a zurfafa wannan abu ko a kiyaye shi, dole a sami suna. A nan ina nan a kan kusanci.

Ɗan Adar:
Baba, ban da ta cewa kan Saul, kun buɗe mini ido. Amma kusanci har yanzu bai gamsar da ni ba. Maƙwabcina na kusa da ni, shekara goma ba mu ci tuwo tare ba. Kuma kun lura ayar da Baba ya kawo ta ce makiyayi ya san su? Sanin daga ɓangare biyu ne. Shi ne abin da nike nuhi tun hwarko.

Baba Fasto, Tawa:
Na ji ka, ɗana, kuma abin da kake karewa gaskiya ne. A Yohanna 15:14 da 15 Yesu ya ce ba zai ƙara kiran almajirai bayi ba, abokai ne. Amma a numfashi ɗaya ya ɗaura abotar a kan yin abin da ya umarta. Shi ya sauko ya kira mu abokai, ba mu muka hau muka kira shi tsara ba. Kalmarka tana faɗin rabin farko, tana haɗiye na biyu. Ka kawo ta ajin nazari mu tauna ta tare, inda akwai damar tambaya. A rediyo, inda maƙwabtanmu Musulmi suke saurare kuma girman Allah ne abu na farko a kunnensu, ba zan so a fara da ita ba.

Mai fassara, Yamai:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na tsayar. Kan shiri: "Allahna: kusanci da jin magana". Zan buɗe da labarin Saul kamar yadda Baba ya kawo shi. Inda ake bukatar suna zan ce kusanci da Allah, karo na farko in ƙara "kai da kanka, ba ta bakin wani ba" saboda maganar Inna. Biyayya za ta zauna a wurin karanta ayoyi, tunda haka take a Littafin da ke hannun mutane, a bayani kuma in koma jin magana. Yaya Ɗan Adar, ban sa junantaka ba, amma zan ce "ka san shi, ya san ka", wannan naka ne.

Ɗalibi a Kano:
Ni dai kan ya yi mini tsawo, kuma in an buga darasin a takarda wani zai tambaya ina dangantaka ta tafi. Amma a kunne ya fi.

Ɗan Adar:
Shi ke nan, ku tahi da kusancinku wannan karon. Ban janye ba. Baba, Lahadi bayan sujada ina nan tahe da ita ajin nazari.

Inna ta Zumuntar Mata, Tawa:
Ɗiyata, rediyonku ba ya kawowa Tawa. In kun ɗauka ki turo mini ta WhatsApp, akwai mata biyu a ƙauye da nake so su ji. Kuma wurin "ba ta bakin wani ba" ki ɗan dakata kafin ki wuce, kada ki yi sauri.