Autana ya jiƙa min dubet, ga damina ta zauna

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Ina da ƙaton dubet (bargon nan mai kauri da ciko a ciki) na babban gado, tun cikin kayan ɗakina yake, ban taɓa wanke shi da kaina ba. Daren jiya autana ya tsula masa fitsari har ya ratsa ciki. Injin wankina ƙarami ne, mai baki biyu, kilo 7. Ga shi muna tsakiyar Agusta, rana ta leƙo ta koma. In tura shi a injin haka, ko in wanke da hannu? Kuma ya zan yi ya bushe bai yi wari ba?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Kafin komai duba 'yar takardar da ke ɗinke a gefensa. In kin ga hoton baho da 30 ko 40 a ciki, zai wanku da ruwa, lambar iyakar zafin ruwan ce. In an soke bahon da alamar kuros, kada ruwa ya taɓa shi, kai wa masu wankin kamfani. Batun injinki kuwa ki bar shi. Babban dubet sai inji mai kilo 10 ko sama. In kin danna shi a mai kilo 7 ba zai juya ba, sabulu ya maƙale a tsakiya, ki zo kina neman mai gyara.

Hajiya Babba: 'Yata, ki fara da tsarki. Ware wurin da fitsarin ya taɓa, ki kwarara masa ruwan sanyi zalla, kina dannawa har ruwan ya riƙa fita garau, sannan a zo maganar sabulu. In kin jefa shi a baho haka nan, kin raba najasar ga bargon gaba ɗaya. Allah ya raya mana angon, duk mun sha wannan.

Uwargida daga Zariya: Ni a babban bahon roba nake nawa. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulun ruwa kaɗan. Garin Omo in bai narke ba yana barin fari-fari a jiki, kuma ɗaurayarsa wahala. Banda Hypo in mai kala ne. Ki wanke ƙafarki tas ki shiga kina tattakawa, ki juya ki sake. Ɗauraya ita ce aikin, sau uku ko huɗu, har kumfa ta daina fitowa in kin taka. Kada ki murɗe shi kamar zani, cikon ciki zai tattare gefe guda ya dunƙule. Takawa za ki yi ruwan ya fita, sai ki ɗora shi kan kifaffen baho ya tsane.

Wata 'yar uwa: Ni dai da turaren wuta zan ba shi a kabbasa, a haƙura sai hunturu.

Maman 'yan biyu: Haba ƙanwata, fitsari har wata uku? Turare a kan zarni ai ƙara masa ƙarfi yake yi.

Anti mai ɗinkin zanen gado: Wankin ba shi ne abin tsoro ba, shanyar ce. Yawancin waɗanda ake kawo min a sauya musu ciko, a wajen bushewa suka lalace. Bayansa zai bushe ƙayau ki ɗauka an gama, alhali cikin na riƙe da laima, kina ninkewa ki sa a durowa sai fumfuna, baƙaƙen ɗigo da wani tsamin wari da ba ya fita. Don haka ki duba gari tukuna, ranar da aka wayi gari babu hadari ki fara da asuba, ƙarfe 8 yana kan igiya. Jiƙaƙƙen dubet nauyi ne da shi, ki nemi mai kama miki, kuma igiyar ta zama mai ƙwari. Kada ki rataya shi a igiya ɗaya ya ninku biyu. Ki shimfiɗa shi a kan igiya biyu ko uku da ke jere, iska ta shiga ta ƙasa. Duk bayan awa biyu ki juya, ki kakkaɓe, ki bi gida-gidan ɗinkin kina warware cikon da yatsu. Gwajinsa: matse kusurwa da tsakiya a tafin hannu, in kin ji sanyi-sanyi bai yi ba. A damina kwana biyu ba abin mamaki ba ne. Kafin magariba ki shigo da shi, raɓa za ta maida miki aiki baya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, 40 ne, cikon kuma na roba ne, ba gashin tsuntsu ba. Sai dai Anti, a bene muke, barandar 'yar ƙarama ce, igiya ɗaya ce tal.

Anti mai ɗinkin zanen gado: Kin ma yi sa'a, na roba ya fi saurin bushewa. Bar shi ya gama ɗiga a baranda, sannan ki jera kujerun roba huɗu a falo ki baza shi a kai, ki buɗe tagogi, fanka ta yi ta kaɗa shi in akwai wuta. In ya bushe ki kawo awonsa a ɗinka masa riga mai zif, nan gaba ita kaɗai za ki riƙa cirewa. Shi kuma angon a shimfiɗa masa leda.