Neman kalma: me za mu kira "scuba" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar rahoton rediyo kan yadda ake horar da sababbin masu shiga ƙarƙashin ruwa a Dahab, bakin Bahar Maliya a Masar. Da aji ake farawa, sai tafkin ninkaya, inda ɗalibi zai durƙusa a ƙasan ruwa ya koyi fitar da ruwa daga gilashin fuska da lalubo abin numfashi in ya kuɓuce masa daga baki. Bayan nan ne ake barinsa ya shiga teku har mita 18. Sunan abin ne ya tsaya mini. "Nutsewa" ba za ta yiwu ba, mai sauraro hatsarin kwalekwale zai ji.

Ɗan Kabi: Ai nutso ne, Hajiya. Sarkawa masunta suna yinsa tun kafin a fara bikin Argungu a 1934.

Malamin Kimiyya: Nutso ya yi, amma kada a bar shi shi kaɗai. Basarke riƙe numfashi yake yi, shi kuwa wannan ɗalibin dokar farko da ake nanata masa a aji ita ce kada ya kuskura ya riƙe numfashi. A mita 10 matsin da ke kan mutum ya ninka na doron ƙasa. In ya cika huhu a can ya taso bai fesar ba, iskar za ta kumbura ninki biyu, huhu na iya fashewa. Ina ganin "nutso da tukunyar iska".

Ɗan Kabi: Ko tukunyar oksijin, kamar ta asibiti.

Malamin Kimiyya: A'a, ɗan'uwa. Iskar da muke shaƙa ce aka matse a ciki, oksijin ɗinta kashi 21 cikin ɗari. Tsantsar oksijin guba ce in an yi zurfi.

Tsohon Malamin Hausa: Kalma huɗu don abu ɗaya! Na daɗe ina cewa kifanci. Mutum ya zauna cikin ruwa yana numfashi irin na kifi. Gajeriya ce, tamu ce.

Mai Fassara: Baba, kunnena kifewar jirgi ya jiyo. Kuma ba za a ɗauka yare ba ne, kamar Turanci?

Tsohon Malamin Hausa: 'Yata, ƙabilanci yare ne? Abin da ke ƙona mini rai shi ne in Bature ya harhaɗa haruffan farko na kalmomi biyar ya ce scuba, sai mu rusuna. In namu ya ƙirƙiro, sai a fara neman aibi.

Ɗan Jarida: Ranka ya daɗe, mun karɓi mota da rediyo da kwamfuta, Hausa ba ta ragu da komai ba. A rubuta sukuba a wuce wurin.

Bamaradiya: Kun karɓa dai, ku na Kano. A nan Nijar ba wanda zai gane sukuba. Kuma a Faransa Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashin a 1943, to me ya sa sai kalmar Ingilishi za a ara? Kullum ku yanke mu bi.

Ɗan Jarida: Yaya, ba raini ba ne. Masu sauraro sun fi yawa a nan.

Bamaradiya: Da wannan hujjar aka mayar da Hausarmu ta ƙauye.

Mai Fassara: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Ga abin da na sa: "nutso da tukunyar iska, wanda Turawa ke kira scuba" a karon farko, daga nan "nutson tukunya", masu yi kuma "masu nutso".

Bamaradiya: Da dama-dama.

Tsohon Malamin Hausa: Je ki da shi tunda lokaci ya ƙure, amma ban janye kifanci ba. "Nutson tukunya" kuma mai girki zai fara zuwa wa mutum a rai.

Mai Fassara: To zan riƙa faɗinta a cike. Saura abin nan da ake cizawa a baki mai rage ƙarfin iskar. Na sa "famfon numfashi" kafin wani ya kawo wadda ta fi.