"Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi": ta hau kan mai rubutu a littafinsa na sirri kuwa?

Ɗan Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganarmu ta wannan mako ita ce "Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Wasu kan ce gara, wasu gwanda, duk tafiyar ɗaya ce. Dalilin kawo ta shi ne masu sha'awar rubuta labari ko waƙa da yawa da ita suke fakewa. Ka ce wa mutum ya sayi littafi ya riƙa zuba abin da ke ransa kullum don hannunsa ya faɗa, sai ya ce ai shi bai iya ba, da muguwar rawa... To, karin maganar ta ba shi wannan mafakar kuwa?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Mu tsaya kan kalmomin tukuna. Ba a ce "kasa tashi" ba, cewa aka yi "ƙin tashi". Mai ƙi yana da ikon yi, ya auna ne ya ga zama ya fi. Wanda kokwanto ya danne kuwa ba ƙi ya yi ba, kasawa ya yi, sai ya ari rigar mai ƙi ya saka don kada a gane. Na biyu, rawa a dandali ake yin ta, ga makaɗi ga 'yan kallo. Shi ya sa inda ake jefa wannan magana, wuri ne da ɓarnar za ta faɗa kan wani ko a idon mutane: telan da aka kawo wa shaddar ango alhali bai taɓa yanka irin ɗinkin ba, ko mai zafin kai da aka ce ya je ya yi sulhu tsakanin surukai. Su ne ake ce wa su zauna. Littafin da ba mai buɗewa sai kai, shaddar wa za ka ɓata a ciki?

Goggon Yara: Malam, na yarda da kai rabi. Ko a ɗaki mutum yake shi kaɗai, akwai ɗan kallo guda da ba ya tashi, shi ne wanda ke cikin kansa yana cewa "wannan ma rubutu ne?" Ba a korarsa da lallashi, da sauri ake tsere masa. A sa agogon waya minti 10. A rubuta kwanan wata a sama. Daga nan biro ba ya barin takarda har ƙararrawa ta buga: ba gogewa, ba soke layi, ba komawa baya a duba ko an sa wa ƙ ƙugiyarta. In magana ta ƙare, a yi ta rubuta "ban san abin da zan ce ba" har wata ta ɓullo, kuma tana ɓullowa, galibi kafin layi na huɗu. Hikimar ita ce ƙirƙira da gyara aiki biyu ne da ba sa shiga ƙofa ɗaya a lokaci guda. Duk wanda ya tsaya gyara jimlar farko, a nan zai kwana.

Mai Tawada: Ƙari kan na Goggo, maganar kayan aiki. Kada a sayi littafi mai tsada mai bangon fata. Kyansa kaɗai ya isa ya hana mutum taɓa shi, don zai ga kamar sai magana mai nauyi ce ta dace da shi. Littafin 'yan makaranta mai falle 60 ya wadatar. Shafi 120 ke nan. Marubuciyar Amurka Julia Cameron, wadda ta yaɗa wannan ɗabi'a tun 1992, shafi uku ta ce a cika da hannu kowace safiya. A wannan lissafi littafin zai kai kwana 40. Amma ni ina ganin shafi uku ya yi wa sabon shiga yawa, zai ci masa wajen rabin awa ko fiye, kuma wanda ya ɗora wa kansa haka a sati na biyu yake ajiyewa. Shafi ɗaya, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. Bayan sallar asuba ya fi, kafin gida ya tashi, kuma kafin a buɗe WhatsApp, don da zarar maganganun mutane sun shiga kai, naka sun gudu. In an tsallake kwana biyu kada a ce za a rama, ba azumi ba ne. A ci gaba daga ranar da ake.

Baba na Bakin Kasuwa: To ni dai ina bayan karin maganar, ku yi haƙuri 'ya'yana. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mutum ya shekara yana rubutu ba mai duba masa, me ya koya? Muguwar rawar ce ya maimaita sau 365 har ta zauna masa a ƙafa. Ku dubi makarantar allo: yaro yana rubutawa, amma sai ya kai wa malam ya duba, a gyara masa wasali, sannan a biya masa. Ba a bar shi da allonsa a lungu ba. Sannan wani abu, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A gidan da mutum goma ke kwana, ka rubuta abin da ke ranka game da yayanka ko abokiyar zamanki ka tura ƙarƙashin katifa? Ranar da aka ɗaga katifar nan za a ga muguwar rawa ta gaskiya.

Malamin Hausa: Baba, Allah ya ƙara girma, misalin allon nan naka ya yi mana aiki mu ma. Ai allo wanke shi ake yi. Ba wanda ya taɓa jin kunyar abin da ya rubuta a allo bara, don an san wurin koyo ne. Amma gaskiyarka, in aka tsaya a zubawa kaɗai an yi rabin aiki. Ragowar ga shi. Wata na farko kada a karanta komai, don idon da ya rubuta jiya ba ya iya yi wa jiya adalci. Bayan kwana 30 a zauna da jan biro a bi shafukan. Ba kuskure ake nema ba. Ana ja wa duk abin da ke da rai layi ne: wata magana da aka tsinta a bakin mai kayan miya, yadda wata tsohuwa ke ɗaure kuɗi a bakin zane, tambayar da ta dawo sau uku a ranaku daban-daban. A cikin shafi 30 in an samu biyar an ci riba. A kwashe su a bayan littafin tare da kwanan watansu. A ɗauki ɗaya a gina shi ya zama gajeren labari ko baiti huɗu, a gyara shi sau biyu, wannan shi ake kai wa malam. Littafin kansa ba ya zuwa gaban kowa.

Anti Mai Nasiha: Bari in taɓo ɓangaren kokwanton, don akwai inda rubutun ke ƙara shi maimakon ya rage. Masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya yi gwaji a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 1986, ɗalibai suka yi minti 15 suna rubuta abin da ya dame su, kwana huɗu a jere. A watannin da suka biyo baya sun rage zuwa asibitin makaranta in aka kwatanta da waɗanda aka sa su rubuta abubuwan da ba su taɓa zuciya ba. Ku lura, kwana huɗu ne, ba shekara ba. Daga baya kuma ya gano waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda rubutunsu ke ƙara cika da kalmomin dalili da fahimta, irin su "saboda" da "yanzu na gane". Wanda kullum shafinsa "ni ban iya ba, kowa ya fi ni", saƙa da warwara kawai yake yi.

Maganinsa, a raba shafi gida uku da layi biyu. Gidan farko, abin da zuciya ta faɗa, yadda ta faɗe shi: "labarina ba wanda zai karanta." Na tsakiya, abin da ya faru a zahiri, wanda wani zai iya shaida: "na tura wa mutum biyu, ɗaya bai amsa ba, ɗaya ta ce tsakiyar ta ja da yawa." Na uku, aiki guda da za a iya gamawa gobe cikin minti 20: "in rage rabin shafi na uku." Gidan tsakiya ne ke ba mutane wuya, don sukan cusa masa zato, wai "bai amsa ba don ya raina ni". Wannan na gidan farko ne, a mayar da shi can. Kuma in rubutu kan wani tsohon ciwo ya fara hana barci ko ya kawo kukan da ba ya tsayawa, a rufe littafin a nemi mutum, ko likita. Ɗan nauyin zuciya na awa ɗaya ko biyu bayan an rubuta ba komai ba ne, yana wucewa.

Goggon Yara: Maganar katifa kuwa Baba bai faɗi ƙarya ba. Ba a rubuta sunan kowa, a sa harafi ko laƙabin da kai kaɗai ka sani. Shafin da ya yi zafi a yage a ƙona bayan an gama, amfaninsa a rubutawar yake. Mai waya na iya sa wa wurin rubutunsa makulli, sai dai waya na jan mutum zuwa gogewa da leƙe-leƙe. Kada kuma a dogara da ajami a ce ya ɓoye sirri, a gidajenmu masu karanta shi sun fi yadda ake zato.

Baba na Bakin Kasuwa: To, in ƙonawa za a yi, kuma akwai ranar kai wa malam, na sassauta. Amma ku rubuta ku ajiye, wanda ya cika littafi uku bai nuna wa kowa ko layi ɗaya ba, shi ma ƙin tashin ya yi, a zaune kawai yake kaɗa ƙafa. Malam, kwana 30 ɗin nan da ka ce, har da ranakun da aka tsallake ake ƙirgawa?

Malamin Hausa: A'a Baba, shafi ake ƙirgawa. In sun cika 30 a ɗauko jan biro, ko da wata biyu aka yi kafin su cika.