Neman shawara: An mayar da ni aiki Legas, ina so in je in duba gari kafin in kwashi iyali

Baban Walid, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wata tafiya da ke gabana. Wurin aikina ya yi mini canji daga Zariya zuwa reshensa da ke Ikeja a Jihar Legas, kuma ana so in kama aiki a farkon watan Satumba. Ina da mata da yara uku: babban zai shiga ajin farko na ƙaramar sakandare, mai bi masa tana firamare, autan kuwa bai daɗe da yaye ba. Ban taɓa zama a Kudu ba.

Na samu ɗan hutu a watan Yuni, kuma niyyata in je in ga garin da idona kafin in kama haya. Abin da nake so ku haska mini shi ne wace unguwa zan fara dubawa, me ya kamata in tambaya, kuma in tafi ni kaɗai ne ko tare da uwargida. Wani abokina ya ce in jinkirta har ruwan Legas ya lafa. Akwai kuma dillalin da aka haɗa ni da shi ta waya, wanda ya turo mini hotunan wani gida yana cewa in tura kafin alƙalami kada wani ya riga ni.

Alhaji Baban Sadiya, Ƙofar Doka:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sa canjin nan alheri ne. Na yi shekaru ina fataucin hatsi a Agege kafin girma ya dawo da ni gida, don haka bari in fara da dillalin nan: kada ka tura masa ko sisi. Idan ka isa Legas za ka ga gidaje da yawa an rubuta a bangonsu cewa ba na sayarwa ba ne, kuma masu su ba don ado suka rubuta ba, sai don 'yan damfara da ke karɓar kuɗi a kan gidan da ba nasu ba. Sai ka shiga gidan, ka ga mai shi ko lauyansa ido da ido, ka tambayi waɗanda ke haya a ciki wa suke biya, sannan a yi maganar kuɗi. Ka sani kuma cewa kuɗin hayar shekara ba shi kaɗai za ka biya ba. Akwai la'adar dillali, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, kuma idan aka haɗa su sukan girgiza lissafin mutum. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a nemi sabon ɗan haya ya biya fiye da na shekara ɗaya, in ban da wasu unguwanni kamar Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA, amma duk da haka za ka gamu da masu neman na shekara biyu.

Game da abokinka, ban yarda da shi ba. Yuni ne ma lokacin da ya fi dacewa ka je, domin a lokacin ne ruwa ya fi ƙarfi, kuma gidan da ya yi kyau a hoton rani yana iya zama tafki a damina. Ka dubi gindin katanga ko akwai shatin ruwa, ka dubi kwatamin layin ko a toshe yake, ka tambayi mai shagon bakin titi, ba dillali ba, yadda layin ke zama bayan ruwan dare.

Ka sauka Agege, wajen Zango. Hausawa sun daɗe a can, suna da sarkinsu da masallatansu, kuma tana maƙwabtaka da Ikeja. Ka yi sallah cikin jama'a, ka gabatar da kanka, za ka samu wanda zai raka ka.

Maman Ilham, Samaru:

Ƙanena, a kan tambayarka ta ƙarshe zan tsaya: ka tafi da ita. Ka bar yaran wurin kakanninsu, ku je ku biyu. Kai za ka fita da asuba ka dawo bayan isha'i, ita ce za ta yini a gidan, ita za ta san ko famfo na kawo ruwa, ko kicin ɗin na shan iska, ko akwai inda za a shanya wanki. Mu da muka saba da busasshiyar iskar Zariya ba mu san abin da ake nufi da laima ba sai mun je can, inda kaya kan yi fumfuna a cikin akwati idan ɗaki ba ya samun rana. Gidaje da yawa da rijiyar burtsatse suke dogara, saboda haka ta tara ruwan a bokiti ta duba launinsa da warinsa, ta kuma tambayi wa ke biyan kuɗin tura shi tanki idan babu wuta.

Maganar makaranta kuma kada ku bar ta sai Satumba. A Yuni makarantu suna cikin zango na uku, don haka za ku gan su da ɗalibai a ciki, ku ga yawan yara a aji da yadda ake tashi. Tun 2018 jihar ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantunta, to ku tambayi yadda suke yi da yaron da ya zo bai san ko gaisuwa ba, musamman babban da zai shiga sakandare. Batun hijabi a makarantun gwamnati Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2022 cewa ɗalibai mata suna da 'yancin sa shi, amma makarantun kuɗi kowace da tsarinta, gara ku ji daga bakin shugabar makarantar. Ku nemi Islamiyya ta kusa, ku tambayi da wane harshe ake karantarwa, kuma ku auna nisan gidan da asibitin da za a iya kai yaro cikin dare. Cefane ba zai ba ta wahala ba. Tumatur da albasa da tattasan Arewa a kasuwar Mile 12 ake sauke su, kuma da Hausa za ta yi ciniki.

Abu Haidar, Kongo:

Ina girmama maganar Baba Alhaji, amma ina roƙon Yaya Baban Walid kada ya yanke hukunci a kan Agege tun kafin ya ga wasu wurare. A Legas ba a auna nisa da kilomita, da sa'o'i ake aunawa. Shawarata ita ce ya zaɓi unguwanni biyu ko uku, misali Agege, Ogba da Ojodu, ya kwana kusa da kowace, sannan ya tashi ranar aiki, ba Asabar ko Lahadi ba, ya bi hanyar zuwa ofis a daidai lokacin da zai riƙa fita, ya kuma dawo da yamma lokacin da aka tashi. Za a kwaɗaita masa Magboro, Arepo ko Mowe saboda sauƙin haya, amma waɗannan a Jihar Ogun suke, kuma duk ranar da babbar mota ta lalace a kan doguwar gadar hanyar Ibadan, rabin yininsa ya tafi.

Ya sani kuma an hana acaba a Ikeja tun Yunin 2022, saboda haka hawan acaban da ya saba yi a Zariya daga PZ zuwa Kwangila ba zai yiwu ba. Jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara jigila a Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja. Ya je tashar ya duba lokutansa ko sun dace da aikinsa. Ya tambayi rukunin da layin wutar gidan yake, domin 'yan rukunin A sun fi samun wuta amma kuɗinsu ya yi tsalle tun Afrilun 2024, kuma ya guji gidan da ba shi da mita mai kati ta kansa.

Malam Baban Yusra, Tudun Wada:

Ni dai ina ganin ba dole ba ne a kwashi iyali rana ɗaya da kama aiki. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 ta Abuja da Lakwaja, kuma kuɗin motar kaya yana iya fin darajar kujeru da gadajen da za a loda. Ya je ya zauna zango ɗaya shi kaɗai, ya san gari, yaran su biyo baya a hutun Disamba.

Baban Walid, Tudun Jukun:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, na riga na shaida wa dillalin cewa sai na zo, kuma zan sauka Agege kamar yadda ka ce, amma zan gwada hanyar Ogba da Ojodu a ranakun aiki. Yaya Maman Ilham, na karanta wa uwargida saƙonki, ta ce da ma ba ta yi niyyar bari in zaɓo mata kicin ni kaɗai ba. Malam, maganarka tana da nauyi, sai dai ina tsoron babban ya fara sakandare a nan sannan a cire shi a tsakiyar shekara. Idan akwai wanda ya taɓa mayar da yaro makarantar Legas a zango na biyu, ina so in ji ko sun karɓe shi ba tare da sun mayar da shi baya ba.